Ja, Fari da Rawaya

Tambaya ta farko da aka yi mini a ƙasar Italiya ita ce wa ya aiko ni. Babu sannu da zuwa, babu ya hanya. Jami'in shige da fice ya dubi koren fasfona, ya dube ni, ya kira wata mata ta shiga da ni wani ɗaki mai kujeru biyu. Na san abin da suke zato. 'Yar Najeriya, ita kaɗai, shekara ashirin da uku, jaka ɗaya. Na ce mata tseren gudu na zo yi, na nuna takardar gayyata. Ta karanta tana taɓe baki. Raina ya ɓaci, ni kuma ba na iya ɓoye fushi, sai na tuɓe takalmi da safa na ɗora mata ƙafata a kan kujera. Farce uku sun yi baƙi ƙirin, na huɗu ma gudu ya cire shi. Ta duba, ta fara mayar mini da kayana cikin jaka. Ta ɗauki Littafi Mai Tsarki nawa mai rigar fata, ta juya shi a hannu, ta ajiye ba tare da ta zuge zif ɗin ba. Da ta zuge, da wannan labarin bai faru ba.

Sunana Rifkatu. A Trikania aka haife ni, inda Mama take soya doya da awara a bakin hanya tun kafin in iya tafiya. Wanda ya mayar da ni 'yar tsere kuwa Baba Bitrus ne, amma duk kudancin Kaduna Baba Koci ake ce masa. In ka tsaya a Barnawa ka tambayi mai keke napep gidan Baba Koci, ba sai ka yi kwatance ba. Daga duwatsun kudu ya sauko yana saurayi, ya kama aiki a wata masaƙa a Kakuri lokacin da jiniyar masaƙu ke tashin gari. Ba takalmi ya ci tserensa na farko. Daga baya ya sa rigar ƙasa, ya yi gudu a wuraren da har yau ban iya faɗin sunayensu daidai ba. Da gwiwa ta hana shi, sai ya sayi usur da agogo ya koma tara yaran talakawa a filin makaranta.

Bangon falonsa cike yake da hotuna. Ga Anti Hanatu mai tsalle, wadda ta ƙare a aikin kwastan kuma har yau take aiko masa da buhun shinkafa duk Kirsimeti. Ga Dogo ɗan Filato, wanda ya ci lambar yabo a waje ya dawo ya buɗe makaranta. Ga wani ɗan Binuwai da ya fi su duka sauri amma giya ta cinye shi. Shi ma hotonsa na nan, Baba ya ce gudunsa na gaskiya ne ko da rayuwarsa ta karkace. Duk baƙon da ya shigo, sai Baba ya nuna bangon da sandarsa ya ce, "Shekara talatin da 'yan kai ina fitar da yara. Ba a taɓa kama nawa da ƙwaya ba. Ko ɗaya." Ba shi da mota, rufin kicin ɗinsa yana yoyo. Wannan "ko ɗaya" ɗin ita ce dukiyarsa. Dokarsa kuma ɗaya ce, mun haddace ta kamar addu'ar Ubangiji: abin da ba ki san sunansa ba, kada ya wuce maƙogwaronki. Sati ɗaya kafin in taso, ya kafa sabuwar ƙusa a ƙarshen layin hotunan, ya ce mini, "Wannan taki ce."

Daga filin jirgi Oga Felix ya ɗauke ni. Shi ne dillalin da ya shirya tafiyar, ɗan Najeriya ne da ya daɗe a can har tafiyarsa ta canza. Kafin mu fita daga wurin ajiye motoci ya miƙo hannu. "Kawo fasfo in ajiye miki, a nan ɓarayi sun yi yawa." Na ba shi. Me na sani? Muka yi tafiyar awa uku zuwa wani ƙaramin gari a gindin duwatsu, ya sauke ni a hawa na uku na wani tsohon bene. Mu biyar ne a gidan, duk 'yan gudu. Ɗakina ɗaya da wata 'yar Kenya mai suna Mercy, wadda ta girme ni da shekara goma kuma ta zagaye irin waɗannan gidaje har ta daina ƙirgawa. Ita ta koya mini yadda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki, da cewa ba a gaida mutane a hanya. Ni da na saba daga ƙofar gidanmu zuwa bakin titi sai na yi gaisuwa goma, ranar farko na ce wa wani tsoho sannu da Turanci, ya riƙe jakarsa da kyau ya tsallaka titi.

Abinci kuwa, taliya da safe, taliya da rana, da yamma a canza mata siffa a sake kawo ta. Babu yaji, babu daddawa. Na yi kewar hayaniyar keke, na yi kewar ƙaurin man suyar Mama da nake yi wa tsaki a gida. Sanyin garin ba irin wanda na sani ba ne, jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi ya zauna. Abin da ke riƙe ni shi ne ranar Lahadi. Bayan an tashi daga coci Baba Koci zai kira, ya tambayi lokacin da na yi a kowane kilomita, ya yi mini faɗa a kan yadda nake jefa hannun hagu kamar yana ganina.

Tsere biyu na fara yi, na zo ta tara, sannan ta shida. Oga Felix ya ce waɗannan share fage ne. Na ukun shi ne babba, kilomita ashirin da ɗaya, kuma akwai wata ƙungiyar 'yan gudu da za ta ɗauki duk wadda ta shiga ukun farko. "In kin faɗi wannan, sai gida," in ji shi. "Bizarki wata uku ce, ni ba Fada Kirsimeti ba ne."

Saura kwana huɗu mura ta kama ni. Ba mura ta wasa ba. Hanci ya toshe, ƙirji ya yi nauyi, gaɓoɓina kamar an yi mini duka. Na fita gudun safe na dawo da tafiya. Na ce wa Oga Felix ya kai ni wurin likita, ya ce in sha ruwan zafi da lemon tsami, likita a nan sai an yi layin sati. Na kwanta da hantsi ina kallon silin, ina lissafin shekaru tara da na yi ina tashi da asuba saboda wannan rana ɗaya. Hawaye suka zo. Na jawo Littafina don in karanta Zabura, sai na ji wani ƙulli a cikin aljihun rigar fatar. Na zuge zif ɗin.

'Yar farar leda ce, an ɗaure bakinta. A ciki ƙwayoyi kala uku: ja, fari da rawaya. Da wata 'yar takarda da aka yaga daga kwali, an ja layi biyu, an ba da fili, an sake jan layi biyu. A ƙasa da rubutun Mama mai karkacewa: "Na mura. Allah ya kiyaye."

Wanda bai tashi a unguwa irin tamu ba ba zai gane ba. A wurinmu in ba ka da lafiya, kemis za ka je ka faɗa wa mai shago abin da ke damunka. Zai buɗe wannan kwalba ya kaɗo huɗu, ya sa almakashi ya yanko shida daga wancan kati, ya haɗa a leda, ya ja maka layi: biyu da safe, biyu da yamma. Ba ka tambayar suna, shi ma ba ya faɗa. Da kala muke sanin magani. A haka na girma, a haka duk 'yan layinmu suka girma, ba wanda ya mutu. Mama ta san ni da mura in sanyi ya taɓa ni, sai ta je ta sa aka haɗa mini, ta ɓoye a inda ta san hannuna zai kai ranar da na shiga damuwa.

Na tuna dokar Baba Koci, Allah ya sani na tuna. Amma a kaina dokar ta baƙi ce, ta irin mutanen da ke zuwa bayan fili da allura suna cewa bitamin ne. Wannan kuwa hannun Mama ne. Na sha biyu-biyu kamar yadda layin ya ce. Washegari hanci ya buɗe. Rana ta uku na ji jikina sakayau. Ranar tseren ma da safe na haɗiye nawa da shayi, na ce kada ciwon ya dawo mini a tsakiyar hanya.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. A kilomita na sha takwas na wuce wata 'yar Habasha a kan hawa, na ji muryar Baba a kunnena yana cewa in sauke kafaɗa. Na shiga ta uku. Ina durƙushe ina haki, ina cewa na gode Yesu, sai ga wata dattijuwa da farin gashi da kati a wuya ta tsaya a kaina. Ta nuna mini takarda. An zaɓe ni gwajin fitsari, kuma daga wannan minti ba za ta rabu da ni ba sai na bayar.

Ko a jikina. Har na yi mata murmushi. Muna tafiya zuwa tantin gwajin sai Oga Felix ya matso kamar zai rungume ni, ya ce a kunnena, "Akwai abin da kika sha?"

Na ce, "Maganin mura kawai, na gida."

Fuskarsa ta canza. "Wane iri?"

"Ban san sunansa ba."

Sai da na ji maganar ta fito daga bakina sannan na tuna dokar Baba Koci. Ban san sunansa ba. Ya matse mini hannu har ya yi zafi. "No write anything o. Za su ba ki takarda, ki ce ba ki sha komai ba. Wataƙila ba za su gani ba. Kin ji ni?"

A cikin tantin dattijuwar ta raka ni har bayi, ta tsaya tana kallo, haka dokar take. Aka raba fitsarin a kwalabe biyu aka rufe. Sannan wani mutum mai tabarau ya turo mini takarda, ya nuna wani fili: duk maganin da kika sha cikin kwana bakwai, rubuta sunansa. Na riƙe biro. In na bar wurin fili, wataƙila in tsira. In na rubuta, na kai kaina. Na daɗe har mutumin ya dubi agogo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ko na tsira, ranar da zan shiga falon nan a Barnawa Baba ya nuna hotona da sanda ya ce "ko ɗaya", ina zan sa idona? Na sunkuya na rubuta da Turanci abin da na sani: maganin mura daga gida, ja, fari da rawaya.

Mai tabarau ya karanta, ya cire tabaran, ya sake karantawa. Ya tambaye ni sunan maganin. Na ce shi ke nan sunan da na sani. Kunya ta kama ni kamar in nutse, na ji kaina 'yar ƙauye a gaban duniya. Dattijuwar ce ta dafa kafaɗata. Turancinta kaɗan ne, da hannu ta ƙarasa. Ta tambaya ko akwai saura. Na ce akwai. Ta dunƙule hannunta ta manna a ƙirji: in riƙe su, kada in zubar, komai wanda ya ce in zubar. Ta ga sanyi ya kama ni, ta kwance gyalen ulu daga wuyanta ta naɗa mini. Har yau yana cikin akwatina, ban san sunanta ba.

Da muka koma gida Oga Felix ya yi ta masifa kamar zai fasa bango. Ya ce in kawo ledar ya zuba a masai. Na ce na riga na zubar. Ƙarya nake, tana cikin tsohon takalmina a ƙarƙashin gado.

Daga nan aka shiga jira. Sun ce sakamako yakan ɗauki makonni. Ban san jira ciwo ba ne sai a lokacin. Abinci ya daina wucewa. Duk ƙarar da waya ta yi sai gabana ya faɗi. Ina gudun safe ina ƙirga ƙwayoyin da na sha, in ce wataƙila farin farasitamol ne kawai, jan kuma na ƙarin jini, to rawayan fa? Na tambayi Mercy abin da ake yi wa wanda aka kama. Ba ta iya rarrashi ba, gaskiya take faɗa tsirara. Ta ce ta san wadda aka dakatar shekara huɗu, yanzu tana wanke-wanke a wani otal. Ta ce abin da ya fi dakatarwar ciwo shi ne za a buga sunanka da na ƙasarka, kuma mutane za su tambayi wa ya horar da kai.

Ranar Lahadi Baba Koci ya kira, muryarsa kamar ta yaro. Ya ce fasto ya sanar a coci, an yi tafi. Ya ce Anti Hanatu ta bugo daga Legas. "Ki turo hoton da kika tsallake layi, Rifkatu. Na riga na yi magana da mai firem. Ƙusar nan ta gaji da zama ita kaɗai."

Na ce, "To, Baba. Netwok ne ba kyau."

Lahadi ta biyu na ce mai hoton bai ba mu ba. Ta uku ban ɗauka ba sam, na zauna a bakin gado ina kallon sunansa yana haske har ya mutu. Ni da ake ce wa mai baki a filin horo, na rasa kalma ɗaya da zan faɗa wa tsoho.

Saƙon masu gwajin ya zo ranar wata Talata da rana, ina cikin kanti ina zaɓen tumatir. Na karanta layin farko na ajiye kwandon a ƙasa. An sami wani sinadari a fitsarina, irin na maganin kumburi, wanda aka haramta sha a ranar tsere. An soke matsayina. An ba ni sati biyu in yi bayani, in kuma kawo hujjar abin da na sha da inda ya fito. In na kasa, dakatarwar za ta iya kai shekara biyu.

Oga Felix bai yi masifa ba wannan karon. Ya buɗe durowa ya jefo mini fasfona a kan tebur. "Ni ban san ki da wannan ba. Ki bar gidan kafin Juma'a, kada ki shafa wa sauran." Na tambaye shi ladan tsere biyun farko, ya ce ya tafi a kuɗin taliya.

Mercy ce ta ɗauki jakata ta kai ni tashar jirgin ƙasa, ta rubuta mini kwatancen wani shagon kayan abincin Afirka a babban gari, ta ce matar tana taimakon mutane. Na isa da azahar, na tsaya a ƙofa ina jin warin busasshen kifi da manja. Wata mata mai jiki da mayafi tana waya a bayan kanta, sai na ji ta ce, "Kai dai bari, kayan ba su iso ba." Hausa! Wata biyu da rabi ban ji ta a bakin mutum a gabana ba. Ban san lokacin da na ce, "Hajiya, sannu da aiki" ba, sai kuka ya ƙwace mini.

Hajiya Memuna 'yar zangon Kumasi ce, Hausarta da ɗan bambanci da tamu amma ta ishe ni. Ba ta tambaye ni addinina ba, ta dai ga Littafin a jakata ta matsar da shi daga kusa da ruwa. Ta ba ni katifa a ɗakin ajiyar kaya, ta tuƙa mini tuwo da miyar ayoyo, wato lalo. Sai da na cinye sannan ta ce in faɗa mata. Na faɗa mata duka, har ƙusar.

Ta ce, "To wa zai je kemis ɗin ya samo sunan maganin?"

Na ce, "Sai dai Mama. Kuma in ta san ledarta ce ta jawo wannan, hawan jininta zai kashe ta. Gara in sha shekara biyun."

"Shi tsohon fa?"

"Hajiya, ba zan iya ba."

Ta ɗauki wayata daga kan buhun gari ta miƙo mini. "Ɗiyata, zai ji ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba. Ki zaɓa, daga bakinki ko daga bakin 'yan gulma."

Na kira shi washegari da safe, lokacin da na san ya dawo daga fili. Na faɗa masa a tsaye, idona a rufe, ban tsaya numfashi ba don kada in fasa. Ina jin zakaran maƙwabtansa yana cara a Barnawa.

Can ya ce, "Da suka ba ki takardar, kin rubuta?"

"Na rubuta, Baba."

"Me kika rubuta?"

"Ja, fari da rawaya."

Ya yi wani sauti, ban san ko tari ba ne ko dariya ko wani abu dabam. Sannan ya ce, "Mamarki ta sani?"

"A'a. Baba, don girman Allah kada ta sani."

"Sauran ƙwayoyin suna nan?"

"Suna nan."

"Ɗauki hotonsu ki turo." Ya kashe wayar. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba.

Kwana huɗu ban ji daga gare shi ba. Na taya Hajiya ɗaura gari a leda, ina auna kilo ɗaya sau uku saboda hankalina ba ya wurin. Na ce shi ke nan, ya cire ƙusar. A rana ta biyar hotuna suka fara shigowa wayata ɗaya bayan ɗaya. Kwalin magani, gaba da baya. Katin ƙwayoyin rawaya da sunansu a jiki. Wata sabuwar leda mai kala uku irin tawa sak. Takarda da hannun mai kemis, yana bayanin abin da yake haɗawa na mura da ranar da aka saya mini. A kowane hoto ana ganin babban yatsan Baba a gefe, mai tabon da injin masaƙa ya bar masa. Babu gaisuwa, babu komai, sai layi ɗaya a ƙarshe: "Tura musu."

Ta kwamfutar ɗan'uwan Hajiya aka yi zaman sauraren bayanina, mutum uku a allo suna yi mini tambayoyi awa biyu. Na aika musu ragowar ƙwayoyina aka gwada, suka dace da na hoton. Ɗaya daga cikinsu ta ɗaga takardar da na cika a tanti, ta ce wannan ce ta sa suka yarda ban yi niyyar ɓoyewa ba. Hukunci: wata huɗu, kuma matsayi na uku ya tafi har abada. Ƙungiyar da za ta ɗauke ni ba ta ƙara amsa saƙona ba. Amma sunana ya fita a jerin waɗanda aka kama, da sunan ƙasata a gefe.

Na sauka Kaduna da jaka ɗaya kamar yadda na tafi. Mama tana bakin kaskonta a Trikania, ta watsar da matsami ta rungume ni da hannun mai. An faɗa mata cewa matsalar takardu ce ta dawo da ni. Ta shafa fuskata ta ce na rame. Sannan ta rage murya kamar mai faɗin sirri.

"Rifi, kin ga saƙona a cikin Littafi?"

"Na gani, Mama."

"Ya yi miki aiki?"

"Ya yi, Mama. Kwana biyu murar ta tafi."

Ta yi dariya ta tafa hannu. "Ai na sani! Kin san har Baba Koci ya zo nan da sandarsa, wai mura ta dame shi, in kai shi inda nake sayen magani? Ni na raka shi da kaina. Ya zauna a shagon nan ya fi awa biyu, sai tambaya yake, wannan mene ne sunansa, wancan ina kwalinsa. Tsufa dai! Amma ko atishawa ban ji ya yi ba."

Na ce zan shiga in watsa ruwa, don kada ta ga idona.

Washegari da hantsi na hau keke zuwa Barnawa. Na yi sallama, ya ce in shigo. Yana zaune a kujerarsa, gwiwar a miƙe a kan kujerar tsuguno. Na durƙusa na gaishe shi, ban ɗaga kai ba. Ya amsa kamar kullum, ya tambayi hanya, ya tambayi Mama. Sannan ya ce, "Ɗaga kanki ki duba."

Ƙusar tana nan a ƙarshen layi, bayan hoton Dogo. Ba hoto a jikinta. Leda ce a rataye, 'yar ƙarama, an ɗaure bakinta: ja, fari da rawaya.

Na ce, "Baba, na ɓata maka suna."

Ya ce, "Kin ɓata." Bai sassauta ba. "Jiya wani ɗan jarida ya zo, na nuna masa bango. Bakina ya buɗe zai faɗi abin da ya saba, sai na tuna. Na ce masa, ɗaya." Ya murza kan sandarsa. "Shekara talatin ina koya wa yara doka a fili. Ban taɓa taka ƙafa na je gidajensu na koya wa iyayensu mata ba. Wannan ledar tawa ce, da kuɗina na saya. Duk yaron da zai yi tafiya daga yau, uwarsa za ta zo falon nan ta gan ta tukuna."

Kuka nake sosai a lokacin, irin mai sa kafaɗa rawa. Ya bar ni na yi. Da na lafa na ce, "To hotona fa, Baba?" Ban san abin da ya sa na tambaya ba, wauta ce kawai.

"Wane hoto? Wanda aka soke?" Ya jawo durowar gefensa, ya ɗauko wata sabuwar ƙusa, ya kama hannuna ya saka mini a tafi ya rufe yatsuna a kai. "Wata huɗu doka ta hana ki shiga filina, kuma ba za ki shiga ba. Amma titin bakin kogi ba na kowa ba ne. Gobe ƙarfe biyar da rabi zan fito shan iska da agogona. Ranar da kika kawo hoto na gaskiya, ki zo da wannan, ke za ki kafa ta da hannunki."

Na tashi zan fita, na kai ƙofa, ya kira ni.

"Rifkatu."

"Na'am, Baba."

"Har yanzu kina jefa hannun hagun nan. Na gani a bidiyon tseren da aka sa a intanet."